Ƙofar mujalla: sharhi kan sharuɗɗan aiko da ƙagaggen rubutu da zane, daga mahangar Maraɗi

0. Gabatarwa

Duk mujallar da ke neman ƙagaggun labarai ko waƙoƙi ko zane daga hannun jama'a takan fitar da ƴar sanarwa wadda ba ta cika wuce rabin shafi ba. A cikinta ake faɗin tsawon rubutun da ake so, da ranar rufe karɓa, da inda za a aika. Manazarta adabi ba su cika waiwayar wannan rabin shafi ba, don a ganinsu aikin ofis ne kawai. Mu kuwa a wannan maƙala shi za mu ɗauka a matsayin matani, mu yi masa karatun tsanaki, saboda shi ke yanke wanda zai shiga da wanda zai tsaya waje tun kafin alƙali ya karanta layi guda.

A Maraɗi za mu tsaya mu dube shi, kuma da dalili. Garin na Katsinawa ne, waɗanda suka kafa sarautarsu a nan bayan jihadin ƙarni na 19. Tsibiri ta Gobirawa tana nan kusa, Jiratawa kuma tana kudu a bakin gulbi. Daga Maraɗi zuwa Katsina bai kai kilomita 100 ba, alhali zuwa Yamai ya haura 600. Yaron da ya tashi a unguwar Sabon Gari yana jin Katsinanci a gida, da Gobiranci a bakin maƙwabta, da Hausar ƴan kasuwa masu kai da komowa Kano, sa'an nan ya shiga lakwal a koya masa rubutu da Faransanci. In wannan yaro ya girma ya rubuta labari da Hausa, ina zai aika da shi, kuma da wace Hausa za a karɓa? Abin da muke son nunawa shi ne cewa sharaɗin nan na «daidaitacciyar Hausa» yana haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba, kuma marubucin wannan yanki ne ke biyan kuɗin haɗin. Daga baya za mu ga cewa mai zane ma yana da nasa kason.

1. Daga ina sanarwar ta fito

Rubutun zube na ƙagaggun labarai cikin boko da kiran jama'a ya fara. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya zaga garuruwan arewacin Nijeriya yana neman malamai su ƙago labarai don gasa. Daga nan aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda ke ɗauke da sunan John Tafida tare da na East kansa. Wannan suna na biyu abin lura ne: tun ranar farko hannun mai karɓa yana cikin aikin mai aikowa. Gasar kamfanin NNPC ta 1978, wadda ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da ta Ma'aikatar Al'adu ta Tarayya wadda littattafanta irin su Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa suka fito a 1982, duk wannan hanya suka bi. Haka ma Hikayata, gasar gajerun labarai ta mata da sashen Hausa na BBC ya buɗe a 2016, wadda ta nemi labari mai kalmomi 1,000 zuwa 1,500 cikin daidaitacciyar Hausa. Duk waɗannan ƙofofi ta kudu suke kallo, kuma ma'auninsu shi ne Hausar da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta yaɗa tun 1939, wadda tushenta Kananci ne.

A wannan gefen iyaka labarin dabam ne. Hausar boko a Nijar ta hanyar yaƙi da jahilci ta shigo, ba ta hanyar adabi ba. Taron Bamako na 1966 ya ba mu rubutu mai ninka dogon wasali, shi ya sa jaridun masu koyon karatu na lokacin suke da sunaye irin su Gangaa da Saabon Ra'ayii. Makarantun gwaji masu koyarwa da harshen gida sun fara a Damagaram a 1973. Taron Yamai na 1980 ya kusantar da rubutun ƙasashen biyu, aka bar ninka wasali, sa'an nan dokar ma'aikatar ilimi ta 1999 ta tsayar da ƙa'idar da muke bi, har da harafin ƴ inda Nijeriya ke sa y mai waƙafi a gaba. Amma jaridar yaƙi da jahilci shawara kan taki da allurar yara take bugawa. In an sa tatsuniya, cike gurbi ne. Hikimar ƙirƙira ta ƙasar nan sai ta tafi inda ba a tambayar ƙa'idar rubutu, watau wasan kwaikwayo na samariya da na rediyo, wanda Janet Beik ta yi wa littafi a 1987, da kuma waƙar baka. Wanda ya nace sai ya ga sunansa a takarda, irin Abdoulaye Mamani mai Sarraounia ta 1980, da Faransanci ya rubuta. A farkon shekarun 2000 an buga wasu littattafai cikin harsunan ƙasa da sunan Albasa, bisa wani shirin haɗin gwiwa da Jamus, daga baya kuma maɗaba'ar Gashingo ta yi nata ƙoƙarin. Sai dai mafi yawan wannan aiki don makaranta aka yi shi.

Ke nan marubucin Sabon Gari ƙofa biyu ya gada: ta yamma, wadda ke son ya sauya harshe, da ta kudu, wadda ke son ya sauya kari. Ta biyun ta fi wuyar ganewa, domin mai ita bai san yana neman a sauya komi ba.

2. Abin da ake nufi da «daidaitacciya»

Ƙa'idojin rubutu abu ne guda, karin harshe abu ne dabam. Na farko yana faɗin yadda za a rubuta abin da aka furta: ina za a sa ƙugiya, ina za a raba kalma, ina za a haɗa. Na biyu yana faɗin abin da za a furta. Mutum na iya rubuta Gobiranci tsantsa ba tare da ya karya ƙa'idar rubutu ko ɗaya ba, kamar yadda ɗan Fagge ke iya rubuta Kanancinsa cike da kurakurai. Sanarwar mujalla takan zuba su a ƙwarya ɗaya, mai gyara kuma ya ɗauki jan alƙalami ya bi duka biyun.

Mun ga yadda wannan ke faruwa da idonmu. Wani ɗalibinmu ɗan Sabon Gari ya rubuta gajeren labari kan rikicin rabon ruwa tsakanin wa da ƙane a gonakin rani na Jiratawa, ya aika wa wata mujalla ta ƙetaren iyaka tare da zanen da abokinsa ya yi. An karɓa, an buga, ya yi murna, ya kawo mana kofin da aka buga da kuma nasa na asali. Da izininsa muka jera su. Jimlolin da ke ƙasa namu ne, mun gina su bisa irin sauyin da muka tarar:

(1a) Da munka isa Jiratawa, sai tsohuwa tac ce mamu: «Ɗiyana, ku zamna ku sha hura.»
(1b) Da muka isa Jiratawa, sai tsohuwa ta ce mana: «Ƴaƴana, ku zauna ku sha fura.»

Babu kuskuren rubutu ko ɗaya a (1a). Abin da aka yi a (1b) fassara ce daga kari zuwa kari, kuma ba a gaya wa mai labarin ba. Wani zai ce ai ma'ana ba ta sauya ba. To, a duba tac ce. A daidaitacciyar Hausa, ta mai dogon wasali ta shuɗaɗɗen lokaci na farko da ta mai gajeren wasali ta lokacin da ake jero labari da shi, duk ta ake rubuta su, sai mai karatu ya lalubo bambancin daga muhalli. A karin yamma kuwa na biyun yana ninka baƙin da ke biye: ta ce dabam, tac ce dabam, ya zo dabam, yaz zo dabam. Watau karin da ake gani kamar ya kauce wa ƙa'ida yana nuna wa ido wani bambancin nahawu da ƙa'idar ke ɓoyewa. Ga mai ba da labari wannan ba ƙaramin makami ba ne, don da shi ake gane inda zaren labari ke tafiya da inda aka tsaya ana bayani. A labarin ɗalibin namu akwai wurin da ƙanen ke ƙirga laifuffukan wansa ɗaya bayan ɗaya, kowace gaɓa da baƙinta mai ninki, sai ka ji kamar ana sara da gatari. A bugun mujalla saran ya tafi, saura ƙirga.

Kalmomi sun fi nahawu shan wuya. Ga misali na biyu:

(2a) Mushe ya ba shi dala ashirin ya sayo bik.
(2b) Malam ya ba shi dala ashirin ya sayo biro.

A nan muna tausaya wa mai gyara. Mushe a wurinsa dabba ce da ta mutu ba a yanka ba, bai san cewa a lakwal ɗinmu haka ake kiran malamin aji ba, daga kalmar Faransanci ta girmama namiji. Amma da ya mai da shi malam, sai ya share bambancin da duk labarin ke tsaye a kai, tsakanin malamin allo da na boko, waɗanda a Maraɗi ba suna ɗaya gare su ba. Dala kuwa ya bar ta yadda take, saboda ya zaci ya gane ta. Dalarmu tamma biyar ce, dala ashirin kuma sefa 100 ke nan, kuɗin alƙalami. Mai karatu a Kaduna zai ɗauka kuɗin Amurka aka ba yaro. An gyara abin da ba ya son gyara, an tsallake abin da ke bukatar ɗan bayani. Haka jika, wadda a nan sefa 1,000 ce, alhali jaka a lissafin Nijeriya na da naira 200 take nufi. Haka shina kwana, wanda a yamma barci yake nufi ko da rana tsaka ce.

Kada a fahimce mu a karkace. Ba mu ce a rushe daidaitacciyar Hausa ba, ga shi ma da ita muke rubuta wannan maƙala, kuma mun san albarkacinta ne ɗan Agadas ke karanta abin da ɗan Bauci ya rubuta. Littafin aji da takardar gwamnati da labaran rediyo suna bukatar ma'auni ɗaya. Tambayarmu ita ce ko ƙagaggen labari littafin aji ne. Abin mamaki, a fagen waƙa ba a taɓa ɗaukar wannan tambaya da zafi ba. Babu wanda ya ce a gyara wa Narambaɗa ko Ɗanƙwairo harshe kafin a rubuta waƙoƙinsu a nazarce su a jami'a. Rubutattun waƙoƙin ƙarni na 19 cike suke da karin Sakkwato, har ma mawaƙan Kano da Zariya na ƙarni na 20 sukan ari munka da sunka in ma'aunin waƙa ya bukaci gaɓa mai nauyi. Bargery ma a ƙamusunsa na 1934 bai zubar da kalmomin Katsina da Sakkwato ba, alama ya sa musu. Zube kaɗai aka ɗaure, wataƙila don shi a ofis aka haife shi.

Akwai wata sasantawa da wasu editoci ke yi: mai ba da labari ya yi daidaitacciya, taurari su yi karinsu a cikin zance. Ta fi babu, amma tana da tarko. In kullum muryar da ta san komi da Kananci take magana, karin yamma kuma sai a bakin tsohuwa da baƙauye, to an koya wa mai karatu cewa wannan kari na waɗanda ake kallo ne, ba na mai kallo ba. Finafinan Kano sun daɗe suna sa Sakkwatanci a bakin wanda ake so a yi wa dariya. Ɗalibin namu da gangan ya sa mai ba da labarinsa ya ce munka, domin shi ma ɗan gonakin ne, ba baƙon da ya zo da kundi ba. Wannan zaɓi na adabi ne, ana iya cewa bai yi kyau ba, amma sai an gan shi tukuna a matsayin zaɓi.

Ko adadin kalmomi da sanarwa ke gindayawa bai kuɓuta daga wannan ba. Kwamfuta fili take ƙirgawa tsakanin kalmomi. Wanda ya rubuta ko da yake ya ci uku, wanda ya haɗe ya ci ɗaya. Haka ya ke da yake, haka a kan da akan. Iyakar 1,500 da aka aro daga al'adar mujallun Turai ba tsawo ɗaya take ba wa kowa ba, kuma Hausa, da yake tana ware wakilin suna da alamar lokaci daga aikatau, ta fi saurin cinye kasonta.

3. Mai zane

Sashen sanarwa da ya shafi aikin ido yakan zo a ƙarshe, layi ɗaya ko biyu, kuma matsalarsa daga kalma take farawa. In an ce a aiko da «zane», rubutunmu da ba ya nuna tsawon wasali bai ma raba shi da zanen ɗaurawa ba. In an ce «hoto», an haɗa na kyamara da na alƙalami. Zayyana kuwa, wadda ita ce tsohuwar kalmarmu ta ƙawata shafi, ba mu cika ganinta a irin wannan kira ba. Sakamakon haka, wanda ke jin da shi ake shi ne wanda ya yi lakwal ya koyi zana mutum da bishiya. Mai zayyanar allon sauka, da mai rubuta allunan shaguna, da mai fentin bayan manyan motocin da ke bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya, da mai sassaƙa ƙwarya, da mai zana aska a gaban riga kafin a ɗinka, ba wanda ya kira su, ko da yake su ne ke riƙe da idon garin. Da yawa daga ayyukansu ba su da siffar mai rai, abin da zai sauƙaƙa wa mujalla shiga gidajen da ake ƙyamar hoton mutum.

Abu na biyu shi ne matsayin da ake ba zanen in ya iso. A al'adar da muka gada daga littattafan makaranta, zane bawan rubutu ne: labari ya ce yaro ya hau jaki, sai a zana yaro bisa jaki. Littattafan da Ibrahim Malumfashi ya sa wa suna adabin kasuwar Kano, waɗanda suka cika kasuwar Maraɗi a shekarun 1990, sun ɗan sauya wannan, domin a can bango ne ke sayar da littafi, kuma marubuci da kansa yake zuwa wurin mai zane su yi ciniki. Sunan ƙungiyar Raina Kama ta su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu ma amsa ce ga masu yanke hukunci daga ganin kama. Duk da haka nazarin da aka yi wa waɗannan littattafai kusan duka kan jigo da tarbiyya ya tsaya, bangon bai samu rabonsa ba.

Abokin ɗalibin namu mai rubuta alluna ne a Sabon Gari. Bai zana wa da ƙane suna faɗa ba. Ya zana magudanar ruwa daga sama, ta rabu biyu, gefe ɗaya fal da ganyen zogale, ɗaya gefen fari fat, ya kewaye duka da irin saƙar da ake yi wa gefen allo. Karatun labarin ne ya yi, da nasa harshen. Ta WhatsApp aka ce a turo, manhajar ta matse hoton har siraran layukan saƙar suka dushe. Mai tsara shafi ya yanke kewayen don zanen ya shiga gurbin da ya rage, sunan mai shi kuwa yana cikin kewayen, a kusurwar ƙasa. A zamanin injin stensil, lokacin da muke sa wa ƙ da ɗ ƙugiya da hannu bayan an buga, ana iya cewa na'ura ce ta hana. Yanzu sai dai a ce ba a tanadi wurin ba.

Gyaran da muke gani bai da tsada, kuma duk cikin rabin shafin nan yake. A raba sharaɗin gida biyu, a ce ana bukatar bin ƙa'idojin rubutu, na Nijar ko na Nijeriya, amma kari na marubuci ne. In akwai kalmar da za ta ruɗa, edita ya nemi ɗan bayani a ƙasan shafi maimakon ya musanya ta. A mayar wa marubuci da rubutunsa ya gani kafin a buga. A ambaci zayyana da sunanta, a faɗi girman shafi tun farko, a sa sunan mai zane a jerin abubuwan da ke ciki daidai da na mai labari.

Maganar ta ƙara nauyi tun watan Maris na 2025, lokacin da sabon kundin ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. In mujallun adabi na Hausa suka tsiro a Yamai ko a jami'ar Maraɗi, wadda aka buɗe tun 2010, daga cikin ɗalibanmu za a ɗebi masu gyara, kuma mu muka koya musu cewa munka «karin yamma» ne, muka kuwa «Hausa». Ɗalibin nan namu ya rubuta labari na biyu. Da ya kawo mana mu duba, mun tarar ya riga ya bi shi da kansa ya cire kowane tac ce, tun kafin wani edita ya gani.